RA'AYINMU: Ledar Magani A Ƙarƙashin Filo

Duk wanda ya saba halartar zaman makoki a unguwanninmu na Kafanchan, ko Zonkwa, ko Jagindi, ko Gidan Waya, ba zai rasa sanin wannan labari ba. Bayan sadakar uku mata sun shiga gyaran ɗakin mamaci, sai a ɗaga filo ko a buɗe wata tsohuwar kwalla a tarar da ledojin maganin asibiti jibge, wasu an sha rabi an bari, wasu kuwa ko ƙullinsu ba a kwance ba. Sai a ɗauki salati, a ce ashe Baba ba ya shan maganinsa. Babu mai musun cewa kwana idan ya ƙare babu makawa, amma kuma duk mai hankali a wurin ya san cewa an yi watanni ana zaune da mutumin nan gida ɗaya, ana yi masa sannu safe da yamma, kuma babu wanda ya taɓa tambayarsa me ya sa maganin ya gagare shi sha.

Wannan tambaya ita ce muke son magidanta da uwayen gida su tsaya su duba tare da mu a wannan fitowa. Mai yiwuwa wani ya ce me ya haɗa takardar da aka kafa domin kare haƙƙin jama'armu da zancen ƙwayar magani. Amsarmu ita ce, a cikin duk haƙƙoƙin da muke fafutuka a kansu babu wanda ya kai na rai, kuma mun lura cewa a ƙofar likita da tagar karɓar magani ne mutanenmu suka fi sarayar da haƙƙinsu ba tare da kowa ya ƙwace musu ba.

Da farko dai ya kamata mu daina ɗaukar wanda ya kasa shan magani a matsayin mai taurin kai. Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Tun a shekarar 2003 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto inda ta nuna cewa ko a ƙasashen da suka ci gaba, kusan rabin masu fama da ciwon da ke buƙatar magani na dogon lokaci ne kawai suke shan sa yadda aka umurce su, kuma abin ya fi haka muni a ƙasashe irin namu. Idan haka lamarin yake a inda ake da wuta da ruwa da inshora, to ina ga dattijon da ke zaune a Dangoma wanda sai ya hau babur ya hau mota kafin ya ga likita? Saboda haka zargi da faɗa ba za su kai mu ko'ina ba. Abin da zai taimaka shi ne a san dalilin, domin kowane dalili da irin mafitarsa.

Dalili na farko shi ne wahalar da maganin kansa ke jawo wa jiki. Wannan gaskiya ce, kuma mara lafiya ba ƙarya yake yi ba idan ya faɗe ta. Alal misali, daga cikin magungunan hawan jini akwai amlodifin wanda yakan kumbura wa wasu ƙafa, akwai lisinofiril wanda yakan sa busasshen tari mai naci da ke hana barci, akwai kuma masu sa yawan fitsari, waɗanda dattawanmu da dama suka ajiye su a ɓoye saboda sun gaji da sake alwala da kuma fita daga sahu. Metfomin na masu ciwon sukari yakan ɓata ciki a makonnin farko, musamman idan an sha shi ba tare da abinci ba. Ƙwayar ƙarin jini da ake bai wa masu juna biyu takan sa tashin zuciya ta kuma mai da bayan gida baƙi, har wata ta tsorata ta ce maganin yana ƙona mata ciki. Rifamfisin na masu tarin fuka yana mai da fitsari ja, wanda ba jini ba ne kuma ba illa ba ce, amma idan ba a gaya wa mutum tun farko ba dole hankalinsa ya tashi.

Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, kusan duk waɗannan suna da gyara. Maganin hawan jini ba iri ɗaya ba ne, idan wannan bai karɓe ka ba likita yana iya sauya maka da wani. Mai sa fitsari ana iya shan sa da safe domin a samu barcin dare. Metfomin ana iya fara shi kaɗan-kaɗan tare da abinci har ciki ya saba. Zugin ƙafa da wasu masu shan maganin tarin fuka ke ji akwai bitamin da ake haɗawa da shi domin a rage shi. Amma likita ba ya duba, bai san abin da ke faruwa a ɗakinka ba sai ka koma ka gaya masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai kuma alamomin da ba a jira da su ranar da aka rubuta a kati: idan ido ya yi rawaya, ko ƙuraje suka feso a jiki har da baki, ko fuska da leɓe suka kumbura, ko numfashi ya yi wuya bayan shan magani, to a dakata da shi a garzaya asibiti a ranar, da ledar maganin a hannu.

Dalili na biyu shi ne samun sauƙi. Wannan shi ne tarkon da ya fi kama mutanenmu. Mai tarin fuka yakan ji ƙarfi ya dawo masa bayan 'yan makonni, tari ya lafa, ya fara cin abinci, sai ya ga ai ya warke, alhali maganin na wata shida ne cur, wata biyu na farko da haɗin magani huɗu, sauran wata huɗu da haɗin biyu. Wanda ya tsaya a hanya ya bar ƙwayoyin cutar da suka fi taurin kai a ƙirjinsa, kuma idan suka farfaɗo suna iya zama irin da maganin farko ba ya ci, sannan ya rarraba wa matansa da 'ya'yansa da suke kwana ɗaki ɗaya da shi. Abin takaicin shi ne wannan magani kyauta ake ba da shi a cibiyoyin gwamnati. Haka nan maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem, sha shida ne a cikin kwana uku, amma sau nawa muke ganin uwa ta bai wa yaro sau biyu ko uku, zazzaɓi ya sauka, sai ta ɓoye sauran domin ƙaninsa? Kulorokwin da iyayenmu suka dogara da shi ya daina aiki ne saboda ƙwayar cutar ta saba da shi, har Najeriya ta sauya zuwa sababbin magunguna a shekarar 2005. Bai kamata mu taimaka wajen kai waɗannan ma inda aka kai wancan ba.

Shi kuwa hawan jini ya fi kowanne yaudara, domin sau da yawa ba ya ciwo. Mutum yana tafiyarsa garau, yana cinikinsa a kasuwa, ya ce me zai sa ya yi ta shan ƙwaya kullum kamar abinci. Sai wata safiya a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, a ce iska ce ta buge shi. Magungunan hawan jini da na sukari da na farfaɗiya da na cutar ƙanjamau riƙe ciwon suke yi, ranar da aka sake su ciwon yana nan yana jira. Na farfaɗiya ma musamman, yanke shi farat ɗaya yana iya jawo faɗuwa mai tsanani fiye da ta da. Haka abin yake ga magungunan taɓin hankali, waɗanda iyalai kan dakatar da zarar sun ga mutum ya natsu, sannan bayan 'yan watanni a sake ɗaukar hanyar asibitin Barnawa a Kaduna.

Dalili na uku, wanda kowa ke ji a jikinsa, shi ne kuɗi. Tun daga shekarar 2023 da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki darajar Naira, farashin magani ya yi tashin gwauron zabi. A watan Agustan shekarar ne kamfanin GSK ya sanar da cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya, kuma masu asma sun san yadda abin shaƙarsu ya koma. A wannan shekarar dai cuta ta afka wa gonakin citta a kudancin Kaduna, ta karya manoma, ta kuma karya 'yan kasuwarmu da dillalai da masu lodi da ke ci daga wannan fatauci. Gwamnatin Tarayya ta fitar da umurnin cire haraji a kan kayan haɗa magunguna a shekarar 2024, amma magidanci a ƙasa har yanzu lissafi yake yi tsakanin kwanon masara da katin ƙwaya. Daga nan ne ake samun mai raba ƙwaya biyu, da mai sha yau ya tsallake gobe, da mai sayen na kwana biyar a kemis maimakon na wata.

Ba za mu ce da mai wannan hali ya yi haƙuri kawai ba, amma muna roƙonsa da ya cire kunya ya gaya wa likita cewa aljihunsa ba zai ɗauki abin da aka rubuta ba. Sau da yawa magani ɗaya ne kamfanoni daban-daban suke yi, sunan kwali ne kawai ya bambanta, farashi kuwa ya ninka. Likita ko mai harhaɗa magunguna yana iya nuna maka mai sauƙin kuɗi wanda ke da lambar rajistar hukumar NAFDAC. Abin da muke gargaɗi a kansa shi ne a guje wa tsada a faɗa hannun masu talla a tasha da cikin mota da ranar kasuwa, masu yawo da magani a faranti rana na dukansa. Yaƙin da marigayiya Dora Akunyili ta yi da jabun magunguna tsakanin 2001 da 2008 ya rage ɓarnar, amma bai kawar da ita ba. Idan kwali yana da wurin kankarewa, a kankare a aika lambar ta waya a tabbatar kafin a sha.

Dalili na huɗu shi ne rashin fahimtar bayani, kuma a nan ne zancen haƙƙi ya fito fili. Mutum ya yi sammako, ya bi layi tun safe har azahar, ya shiga wurin likita minti uku, an yi masa magana rabi da Turanci, an miƙo masa leda huɗu ta taga an ce wannan biyu-biyu, wannan ɗaya-ɗaya, na gaba ya matso. Ya fito bai san wanne ne na me ba, bai san har yaushe zai sha ba, kuma bai tambaya ba. Mun san dalilin wannan shiru. Shekaru da dama na jin ana kiran mutum baƙo a garin da aka haifi kakansa sun koya wa da yawa daga cikinmu cewa a ma'aikatar gwamnati gara ka karɓi abin da aka ba ka ka yi godiya ka fita, kada a ce ka cika tsirfa. Wannan ɗabi'a tana iya raba mutum da fitina a wani wuri, amma a asibiti tana iya raba shi da ransa.

Ya kamata kowane gida ya san cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 tana tare da mai tambaya. Sashe na 23 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ake da su, da amfanin kowace da haɗarinta da kuɗinta, kuma dokar ta nemi a yi wannan bayani, gwargwadon iko, da harshen da mutum yake ji, tare da la'akari da zurfin karatunsa. Sashe na 20 ya hana a ƙi duba wanda ke cikin halin gaggawa ko da wane dalili. Sashe na 26 ya kare sirrin mara lafiya. Sashe na 30 ya bai wa kowa damar kai ƙorafi a kan yadda aka yi da shi, a kuma bincika. Bugu da ƙari, a watan Yulin 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya wanda ya sake jaddada waɗannan abubuwa. Babu inda ɗaya daga cikin waɗannan ya ce sai mai takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, kuma sashe na 42 na Tsarin Mulki ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin da mutum ya fito. A Kafanchan kuwa harshe bai isa ya zama hujja ba, tunda Hausa ce kusan kowa ke ciniki da ita a kasuwa.

Don haka muna ba da shawarar kada kowa ya bar tagar magani sai ya samu amsar tambayoyi biyar: mene ne sunan wannan magani kuma na wane ciwo ne, sau nawa zan sha a rana kuma kafin abinci ko bayansa, har zuwa yaushe, me zan iya ji a jikina wanda ba abin tsoro ba ne, me kuma zai sa in dawo da gaggawa, sannan idan na manta ban sha ba me zan yi. A yi tambayar cikin ladabi da girmamawa, domin su ma ma'aikatan nan mutane ne da aiki ya yi wa yawa, mutum ɗaya yana yin aikin mutum biyar, kuma da yawansu suna jin daɗin wanda ya nuna ya damu da lafiyarsa. Matambayi ba ya ɓata. Wanda ba ya iya karatu ya tafi da ɗa ko jika, ko ya nemi a yi masa alama a jikin leda. Amsar tambaya ta biyar a mafi yawan magunguna ita ce kada a haɗa biyu a sha lokaci ɗaya don a rama wanda aka manta.

Akwai kuma waɗanda haɗiyar ce kanta ke ba su wuya, musamman tsofaffi da yara da waɗanda suka taɓa samun shanyewar jiki. A sha magani a zaune ko a tsaye, da cikakken kofin ruwa, a fara jiƙa maƙogwaro kafin a sa ƙwayar. Kafso yakan fi saurin wucewa idan an ɗan sunkuyar da kai gaba, domin shi yawo yake yi a saman ruwa. Kada a daka ƙwaya ko a buɗe kafso sai an tambaya, saboda akwai waɗanda aka yi su domin su narke a hankali cikin yini guda, idan aka daka su sai ƙarfinsu ya sauka gaba ɗaya, wanda ga mai hawan jini yana iya zama haɗari. Wasu magungunan suna da na ruwa ko wanda ake narkarwa a cokali, sai an tambaya ake sani. A kuma lura da abin da ake korawa da shi: wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, irin su sifurofuloksasin da tetirasaikilin, ba sa shiga jiki sosai idan an haɗa su da nono ko madara, alhali Coartem ya fi aiki idan an ci abu mai maiƙo. Mai hawan jini kuma ya yi hattara da kanwa da yawan gishiri da dunƙulen ɗanɗano, kada ya riƙa rushe da cokali abin da yake ginawa da ƙwaya.

Ga uwaye mata muna da roƙo na musamman: a daina ɗura. Toshe wa yaro hanci a danne shi a zuba masa magani yana kuka yana iya sa ruwan ya bi hanyar numfashi ya sauka a huhu, a je neman lafiya a dawo da wani ciwon. A zaunar da yaro a cinya, a riƙa zuba maganin kaɗan-kaɗan ta gefen kunci, da ma'aunin da ya zo a cikin kwalin, domin cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Idan ya amayar nan take, a tambayi ma'aikacin lafiya ko za a sake ba shi.

Game da mantuwa kuwa, Allah Ya hore mana agogon da ba ya tsayawa, wato salloli biyar. Maganin sau ɗaya a rana a ɗaura shi da sallar asuba, na sau biyu a ɗaura shi da asuba da magariba, na sau uku kuma asuba da azahar da lokacin kwanciya bayan isha'i. Direbobinmu da fatake masu bin hanyar Legas da Fatakwal da Kano su sa magani a aljihun da suke sa lasisi, kada a bar shi a gaban mota rana ta dafa shi. Masu allurar insulin da ba su da tabbacin wuta su nemi shawarar asibiti a kan ajiye ta a wuri mai sanyi, kamar cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi, ba tare da ruwa ya taɓa kwalbar ba.

Sai batun azumi, wanda duk shekara yake jefa masu ciwon sukari da hawan jini da gyambon ciki da ciwon ƙoda cikin ruɗani. Mun san dattawan da ke ganin abin kunya ne a gan su suna shan ruwa da rana a watan Ramadan, su gwammace su bar magani. Addinin da ya wajabta azumi shi ne kuma ya yi wa mara lafiya rangwame, ya ba shi damar ramawa ko ciyarwa gwargwadon halinsa. Abin da ya dace shi ne tun a watan Sha'aban a je a ga likita, domin akwai magungunan da ake iya mayar da su sahur da buɗa-baki, akwai kuma waɗanda ba sa yiwuwa. Mai ciwon sukari da ya ji jiri da karkarwa da zufa mai sanyi yana azumi, sukarinsa ne ke faɗuwa, kuma jiran kiran magariba a wannan hali wasa da rai ne. Muna kira ga limamanmu da masu tafsiri su riƙa faɗin wannan a sarari, domin kalma ɗaya daga bakinsu ta fi takarda goma daga gare mu. Haka nan addu'a da rubutu ba su hana shan magani ba. Wanda kuma yake shan sassaƙe ko jiƙo ya gaya wa likita gaskiya, saboda wasu ba sa jituwa da maganin asibiti, kuma hanta da ƙoda ne ke ɗaukar nauyin rikicin.

Ba za mu rufe ido daga batun kunya da tsangwama ba. Akwai matan da ke ɓoye maganin ƙanjamau a cikin buhun hatsi don gudun kishiya ko dangin miji, akwai masu tafiya har Jos ko Kaduna karɓar magani don kada a gan su a layi a garinsu, idan kuɗin mota ya gagara sai shan magani ya tsaya. Maganin nan kyauta ne a cibiyoyin gwamnati tun shekarar 2006, a yau ga mafi yawan mutane ƙwaya ɗaya ce a rana, kuma wanda ya riƙe ta da kyau yana rayuwarsa kamar kowa, mace ta haifi ɗa lafiyayye. Tun 2014 akwai dokar da ta haramta nuna wa masu wannan cuta wariya. Sauran aikin namu ne, mu kama bakinmu. Duk wanda ya yi gulmar maƙwabcinsa har ya sa ya bar magani, to ya san yana da kaso a abin da ya biyo baya.

Akwai wani darasi kuma da zaman wannan yanki ya koya mana da tsada. Waɗanda suka ga abin da ya biyo bayan zaɓen watan Afrilun 2011, lokacin da kasuwar Kafanchan ta ƙone, iyalai daga Zonkwa da Matsirga da wasu garuruwa suka kwashe watanni a sansanin alhazai na Mando a Kaduna, sun san cewa mai gudun ceton rai ba ya tuna katin asibiti. Haka a watan Disambar 2016 da kuma shekarar 2020, an sa dokar hana fita ba dare ba rana a ƙananan hukumomin yankin nan, ciki har da Jema'a, kantuna da kemis suka kasance a rufe. Muna roƙon Allah kada Ya maimaita mana, amma hankali ya ce mai ciwon da ba a yanke wa magani kada ya bari sai ƙwayar ƙarshe kafin ya nemi wata. A riƙa ajiye na aƙalla mako guda, a rubuta sunan maganin da ƙarfinsa a takarda a sa a aljihu, a ɗauki hoton kwalin da na kati a waya, a kuma sanar da mutum ɗaya amintacce a gida. Da wannan, ko ina mutum ya tsinci kansa ma'aikacin lafiya zai san daga inda zai ɗora. Kuma mu tuna, a layin asibiti babu Bahaushe babu Bajju, babu Atyap babu Fantswam ko Kaninkon ko Ham. Ciwo ɗaya ne, tsadar magani ɗaya ce, don haka duk wani kira da za mu yi a kan wannan batu kira ne da ya kamata mu yi shi tare da maƙwabtanmu.

A kan haka muke kira ga hukumomi da babbar murya. Mun yi maraba da amincewar da Gwamnatin Tarayya ta yi a shekarar 2025 na kafa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Kafanchan, kuma muna fatan za ta rage wa jama'a zirga-zirgar zuwa Jos da Kaduna da Shika. Amma gini da suna ba su isa ba sai an samu likitoci da masu harhaɗa magunguna da za su sami lokacin yi wa mutum bayani, da kantin magani da ba ya yankewa. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta shekarar 2022 ta tanadi asusu domin marasa galihu, dokar 2014 kuma ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Muna son hukumar KADCHMA ta Jihar Kaduna ta fito unguwa-unguwa ta yi bayani da Hausa da sauran harsunan yankin a kan yadda ake shiga, nawa ake biya, da kuma waɗanne magunguna tsarin ya ɗauka. Tun a 2019 gwamnatin jihar ta bayyana cewa zama a jiha shi ne ma'auninta, ba asali ba. Muna son a ga hakan a aikace wajen rajistar marasa galihu, kada sunan kowa ya faɗi saboda inda kakansa ya fito.

Mu ma a namu ɓangaren akwai abin da ya hau kanmu. Muna ba kowane reshe na wannan ƙungiya shawarar ya nemi 'ya'yanmu da suka karanci aikin jinya da kiwon lafiya, waɗanda ba su da wuyar samu a garin da ke da kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma, su riƙa zama da jama'a ko da sau ɗaya a wata domin awon jini da amsa tambayoyi. Masu hali su tuna cewa sayen maganin wata guda ga gwauruwa mai hawan jini sadaka ce mai gudana a jikin mai rai. Magidanta su sani cewa kuɗin maganin matansu da izinin zuwa asibiti ranar da aka rubuta suna cikin nauyin da Allah Ya ɗora musu. Wanda aka wulaƙanta ko aka hana bayani a wata cibiya ya rubuta rana da lokaci da abin da ya faru ya kawo wa shugabannin reshensa, domin a bi masa ta hanyar da doka ta shimfiɗa, ba da hayaniya ba.

Daga ƙarshe, muna roƙon duk wanda wannan takarda ta shiga hannunsa ya yi abu ɗaya kafin ya kwanta yau. Ya shiga ɗakin mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko matarsa, ya zauna, ya ce a nuna masa ledar magani, ya ƙirga abin da ya rage ya gwada da ranar da aka karɓo. Idan lissafi bai fita ba kada ya yi faɗa, ya tambaya cikin lallashi me ke hana sha, sannan ya sa ranar da za su koma asibiti tare.

Allah Ya bai wa marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kuma zaunar da yankinmu da jiharmu da ƙasarmu lafiya. Amin.